Lokaci yana ƙare mini kafin in gama takarda: yaya zan yi da tambayar da ta cije?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ɗaliba ce a wani lise, wato makarantar sakandare, da ke Garwa a Kamaru, ajin Firemiyar D na ɓangaren kimiyya, bana zan zauna Furobatuwar, jarrabawar da sai an ci ta ake shiga ajin ƙarshe. A jarrabawar gwajin da muka yi, na tsaya kan tambaya ɗaya a lissafi har aka ce saura minti 20, ban ko taɓa kashi na biyu ba. Da na duba daga baya sai na ga abin da na iya ne. Haka ta sake faruwa a fizik. Karatu ina yi, amma maki ba ya nunawa. Yaya zan raba lokaci, kuma me zan yi in tambaya ta ƙi buɗewa?

Amsa: Amin, 'yata, ke ma Allah ya ba ki sa'a. Tunda kin ce kashin da kika bari abin da kika iya ne, to ba kanki ne ke da matsala ba, cinikinki ne. Kin shiga kasuwa da kuɗin cefanen gida gaba ɗaya, kika tsaya gaban mahauci har kuɗin suka ƙare a kan tsoka ɗaya, kika koma gida ba gero ba mai. Tambayar da ta riƙe ki, in kin koma kin duba gefenta, da wuya ta wuce maki 1. Abin da kika bari kuwa zai kai maki 5. A darasin da ake ninka makinsa sau 4, maki 20 ke nan suka tafi daga jimillarki, kuma da ƙasa da haka ma mutum yakan maimaita aji.

Ki fara da abin da takardar ta faɗa miki da bakinta. A samanta an rubuta tsawon lokaci da kowefisiyan, wato sau nawa ake ninka makin darasin, a gefen kowace tambaya kuma an rubuta makinta: 0,25, ko 0,5, ko 0,75, ko 1. Ɗalibai suna ɗauka don malamin da zai duba takarda aka sa waɗannan lambobi. Naki ne kafin su zama nasa, don su ne ke gaya miki minti nawa kowace tambaya ta cancanta. Takardar awa 3 minti 180 ce. Ki cire 10 na karantawa a farko da 20 na komawa baya a ƙarshe, saura 150. Ki raba wa maki 20, kowane maki ya tashi a kan minti 7 da rabi. Ke nan tambayar rabin maki ba ta kai minti 4 ba. Ƙanenki mai zama BEPC, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, takardar awa 2, shi ya cire 20, saura 100, minti 5 kowane maki. Takardar awa 4 irin ta Bak, jarrabawar ajin ƙarshe, a cire 40, saura 200, minti 10 kowane maki. In a kan maki 40 aka gina takardar, sai a raba farashin biyu.

Wannan lissafi ba ya amfani in a ka ya tsaya. Dole ya koma ƙarfe kaza da minti kaza, a rubuce a saman takardar buruyon, wadda ake gwada aiki a kanta kafin a kwafe, tun kafin ki fara amsa komai. A ce an fara ƙarfe 8:00, aiki na farko maki 5, na biyu maki 4, na uku maki 6, kashi na biyu maki 5. Sai ki rubuta: karatu zuwa 8:10, na farko zuwa 8:50, na biyu zuwa 9:20, na uku zuwa 10:05, kashi na biyu zuwa 10:40, dubawa zuwa 11:00. Minti ɗaya ya ishe ki rubuta wannan. Amfaninsa shi ne ba sai kin sake yin lissafi ba lokacin da kanki ya yi zafi. Ido kawai za ki ɗaga. In an makara wajen raba takardu, daga lokacin da aka rubuta a allo za ki ƙirga, ba daga wanda ke cikin jadawali ba. Kuma ki zo da agogon hannu mai sauƙi. Waya ba ta shiga ɗakin jarrabawa, ba kowane aji ne ke da agogon bango ba, mai sa ido kuma yakan yi magana ne sa'ad da magana ta daina amfani, kamar yadda kika gani.

Minti 10 na farko su ne ɗalibai suka fi ƙyashin bayarwa. Kina ganin na kusa da ke ya duƙa yana ta rubutu, sai ki ji kamar an bar ki a baya. Ƙyale shi. Ki karanta takardar tun daga sama har ƙasa, gaba da baya, don akan manta da shafi na biyu. Kina karantawa kina sa alama da fensir: wannan na iya, wannan sai na yi tunani, wannan ban san kanta ba. Ki fara da aikin da alamar "na iya" ta fi yawa a cikinsa, ko da shi ne na uku. Ba wanda ya wajabta miki bin jerin ayyukan, muddin kin rubuta lambar aiki da lambar tambaya daidai yadda suke a takarda. Akwai masu cewa a fara da mai wuya tun kai yana da sanyi. Ban yarda da wannan ba ga mai irin matsalarki. Maki masu sauƙi a fara kwashe su, hannu ya saki, zuciya ta kwanta, sannan a tunkari mai taurin kai da lokacin da aka san ya rage.

Yanzu ga tambayar da ta cije. Ki yanke hukuncin barinta tun kafin ki haɗu da ita, domin in kina cikinta ba za ki iya yankewa ba. Zuciya za ta riƙa ce miki saura kaɗan, kuma mintunan da kika riga kika zuba za su sa ki ji barin asara ne. Ba su dawowa ko kin tsaya ko kin wuce. Abin da kike iya ceta shi ne na gaba. Iyakar da nake ba ɗalibai biyu ce. In tambaya ta ci ninki biyu na farashinta, a wuce: rabin maki a takardar awa 3, minti 8 ya isa. In kuma minti 3 sun shuɗe bik, wato biro, bai rubuta sabon layi ba, sai karanta tambayar kike ta maimaitawa, a wuce ko da farashin bai cika ba. Wanda ke rubuta sabon abu yana tafiya ko da a hankali ne. Wanda ke maimaita karatu a tsaye yake.

Barin ma da yadda ake yinsa. Kada ki bar wurin fari fat. Ki rubuta abin da aka ba ki, da dokar da kike ganin ta shafi tambayar, da matakin farko da kika iya, sannan ki bar fili kamar layi 8 ko 10, ki sa alama a buruyon don ki tuna. Dalili kuwa: ofishin OBC da ke shirya Furobatuwar da Bak yana ba masu duba takardu amsar da aka daidaita, da yadda aka rarraba maki a kanta, kuma rabon mataki-mataki ne. Doka daidai tana da nata, saka lambobi yana da nasa, amsar ƙarshe tana da nata. Mai duba takarda bai san ki ba, sunanki a rufe yake, abin da ke rubuce kawai yake iya ba maki. Rubu'in maki nan, rubu'i can, su ne ke ɗaga takarda daga 8 zuwa 10. Da babu gara ba daɗi. Sau da yawa kuma, in kika dawo bayan rabin awa, sai ki ga ƙofar da ɗazu kike tsaye a bakinta ba ki gani ba, don kin bar hanyar da kika nace mata.

Tambaya mai wuya ba iri ɗaya ba ce, kuma gane irinta yana rage ɓata lokaci. Wata Faransancin ne ya ɗaure ki, ba lissafin ba. Ga yaran da suka taso da Hausa ko Fulatanci a gida wannan ba abin kunya ba ne, kuma maganinsa kusa yake: ki ja layi ƙarƙashin kalmar umarni, ki ja ƙarƙashin abin da ake nema, ki faɗa wa kanki tambayar da harshen gida a zuci, ki zana hoto in abin na zanawa ne. Wata kuma kin san darasin, mashiga ce ba ki samu ba. Ita ce ake bari a dawo. Wata lissafin ne ya yi ta tsawo yana haifar da lambobi munana, alamar an yi kuskure a sama, galibi alamar ragi da ta ɓace ko lambar da aka kwafa ba daidai ba daga takardar tambaya. Ki koma layin farko ki duba, kada ki ci gaba da turawa. Ta ƙarshe ita ce wadda ba ki karanta babinta ba sam. Wannan kada ki yi mata zaman makoki: ma'ana ko dokar da kika tuna, layi biyu, ki wuce.

Kalmomin umarni suna ɗauke da taimakon da ɗalibai ba sa karɓa. In an ce *montrer que*, an riga an ba ki amsar, hanyar zuwa gare ta kawai ake nema. In an ce *en déduire*, ana gaya miki amsar tana cikin tambayar da ta gabata, kada ki buɗe sabon lissafi. Bari mu gani a kusa. A ce an ba ki f(x) = (x² − x + 4)/(x − 1), tambaya ta biyu ta ce ki nuna cewa f′(x) = (x − 3)(x + 1)/(x − 1)². Kin gwada, alamomi sun rikice, abin bai fito ba. Nan ne ɗalibai da yawa suke ajiye aikin gaba ɗaya, suna ganin tunda ta biyu ta faɗi, sauran sun bi ta. Ba haka ba ne. Ki rubuta cewa kin ɗauki sakamakon tambaya ta biyu kamar yadda aka bayar, ki ci gaba da shi. Ƙasan, (x − 1)², ba ya zama ragi, don haka alamar f′ ita ce alamar (x − 3)(x + 1): tana sauyawa a −1 da 3. Ki saka su cikin f, ki sami f(−1) = −3 da f(3) = 5. Ga teburin hawa da sauka ya fito, ga layin x = 1 da zanen ba ya taɓawa, ga zanen kansa. Kin rasa rabin maki ko kashi uku cikin huɗu na maki, kin kwashe uku ko huɗu da ke bayansa. Abu ɗaya dai kada ki yi: ki rubuta layuka uku na dabara sannan ki dira kan amsar da aka bayar kamar kin iso. Masu duba takarda sun san wannan sarai, kuma yana sa su ƙara zuba ido kan sauran aikinki.

Kashi na biyu, wanda kika bari, shi ya fi cancantar a daɗe a kansa. Tun da aka koma tsarin koyarwa na auna iyawa, takardar lissafi kashi biyu ce: na farko yana auna abin da aka koya, na biyu yana kawo labari mai tsawo, wani manomi ko ɗan kasuwa da matsalarsa, sai ayyuka uku a ƙasa. Tsawon labarin ne ke tsorata yara, shi ya sa suke tura shi ƙarshe, lokacin da ba sauran natsuwar karanta shi. Alhali lissafin da ke ciki yawanci bai kai na kashin farko wuya ba, kuma ayyukan uku galibi kowanne zaman kansa yake, faɗuwar ɗaya ba ta hana ɗaya. Dabara ita ce ki fara karanta ayyukan uku na ƙasa, sannan ki koma labarin kina neman sakin layin da ya shafi kowanne. A ce labarin ya ce mai lambun albasa yana da fili mai kusurwa huɗu, kewayensa mita 140, faɗin ƙasarsa murabba'in mita 1200, yana son sanin tsawo da faɗi don sayen waya. Da kin rubuta cewa x tsawo ne, y faɗi, x + y = 70, xy = 1200, kin riga kin ci wani abu, domin a wannan kashi ana ba da maki kan fahimtar matsalar, da amfani da kayan lissafi daidai, da tafiyar hujja a jere. Daga nan x² − 70x + 1200 = 0, delta (b² − 4ac) 100, amsa 40 da 30. Ki rufe da cikakkiyar jimla mai amsa tambayar mai lambun, da mita a jiki, ba lamba tsirara ba. Shawarata gare ki musamman: kada ki sa wannan kashi a ƙarshe. Ki yi shi na biyu, bayan aikin da kika fi iyawa, ko ki sa masa lokacin da in ya yi za ki ajiye duk abin da ke hannunki ki koma kansa. Akwai kuma ɗan makin tsabtar takarda da ake warewa a nan, wanda ja wa amsa layi da rubutu mai karantuwa suke kawowa kyauta.

A fizik da shimi, wato kemistiri, lokaci yakan tafi ne wajen gyaran abin da aka yi da gaggawa. Ki rubuta dokar da haruffa tukuna, ki juya ta har abin da ake nema ya tsaya shi kaɗai, sannan ki saka lambobi sau ɗaya a ƙarshe. Wanda ya fara da lambobi, in ya ɓata, sai ya sake komai, mai dubawa kuma ba ya ganin inda zai ba shi wani abu. Ki sauya ma'auni tun a layin farko: giram zuwa kilo, mililita zuwa lita, kilomita a awa a raba da 3,6 ya koma mita a daƙiƙa. Kafin a fara, ki danna sin 30 a kalkuleta. In bai ba ki 0,5 ba, ba a kan digiri take ba, kuma duk abin da ya shafi kusurwa zai fito a karkace. In amsa ta fito, ki tambaye ta ko ta yi kama da duniya. Babur da ke gudun kilomita 900 a awa, ko ɗan dutsen da nauyinsa ya kai tan 4, kuskure ne. In ba lokacin nemo shi, ki rubuta a ƙasa cewa kin lura sakamakon bai dace ba. Ya fi a ga kin ja masa layi da alfahari.

Tambayoyin zaɓi, irin waɗanda ake samu a kimiyyar halittu, ki karanta sharaɗinsu kafin ki canka. In ba a rage maki kan kuskure, kada ki bar ko ɗaya. In ana ragewa, ki duba nawa. A ce daidai maki 1 ne, kuskure a cire rabi, zaɓi huɗu: cankar ido rufe asara ce, amma in kin kore biyu da kika tabbata ba su ba ne, canka tsakanin biyun da suka rage riba ce. Kada ki ba irin waɗannan tambayoyi fiye da farashinsu. Ko kin sani ko ba ki sani ba, zama ba ya ƙara komai.

Darussan rubutu, Faransanci da tarihi da falsafa, nasu rabon daban ne, don babu rabin maki a gefe. Inda aka ba ki zaɓin batu, ki ba zaɓin minti 10 zuwa 15. Ki gwada kowane batu a buruyon: hujja nawa da misali nawa za ki iya kawowa cikin minti 3? Wanda ya fi cika shi ne naki, ba wanda ya fi daɗin ji ba. Da kin zaɓa, an gama. Sauya batu bayan awa ɗaya shi ne mafi tsadar kuskure a waɗannan darussa. Kusan rubu'in lokacin ya tafi wajen warware kalmomin batun da tsara sassa, don wanda ya kauce wa batu, ko ya cika shafi takwas, makinsa ƙasa yake. Gabatarwa da kammalawa kaɗai ake rubutawa cikakku a buruyon. Gangar jikin, kanun hujjoji da misalai kawai, sai a rubuta kai tsaye a takardar amsa. Mai rubuta komai a buruyon don ya kwafe daga baya aiki biyu yake yi da lokacin aiki ɗaya, kuma buruyon ba a ba shi maki. Ki auna kanki a gida: minti nawa kike cika shafi ɗaya da rubutu mai kyau? Wannan lamba ce za ta gaya miki shafi nawa za ki iya yi, da lokacin da dole ki fara kammalawa ko sashe na ƙarshe bai cika ba. Rubutun da ya ƙare da kammalawa, ko gajere ne, ya fi wanda aka yanke a tsakiyar jimla.

Akwai lokacin da kai ke ɗaukewa gaba ɗaya, zuciya na bugawa, hannu na gumi, abin da kika haddace jiya ya ɓace. Tsoro ne, ba mantuwa ba, kuma yana wucewa in ba a yi kokawa da shi ba. Ki ajiye bik, ki ja numfashi a hankali ki sake shi a hankali sau biyar ko shida, ki yi addu'arki, ki kurɓi ruwa. Minti ɗaya ke nan, kuma ya fi minti 10 na kallon takarda. Sannan ki koma kan tambaya mafi sauƙi da ta rage, ko ta rubu'in maki ce, don hannu ya motsa. Jiki ma yana da hakkinsa. Kin san zafin Garwa a ƙarshen bazara, aji cike da mutane ƙarƙashin kwano. Ki karya da abu mara nauyi, ki shiga da gorar ruwa in an yarda, ki zaga kafin a shiga. Kwanan zaune a daren jarrabawa yana cin saurin tunani fiye da abin da yake ƙarawa, ƙwayoyin hana barci kuwa kada ki ko kusance su. Haka takardun da ke yawo a WhatsApp da sunan ruwa ya fito, wato wai tambayoyin jarrabawa ne suka fita kafin lokaci: yawanci na bogi ne, suna cinye daren da ya kamata ki huta, wanda aka kama da hannu a ciki kuma yana iya rasa damar zama jarrabawa na wasu shekaru. Takardar kira da katin shaida da bik biyu da rula da kampas, a haɗa su tun dare. In hadari ya haɗo da safe masu babur sukan yi wuya, don haka ki fita da wuri.

Minti 20 na ƙarshe ba na hutu ba ne, kuma ba na fita da wuri ba. Ki fara da filayen da kika bari, wanda ya fi maki kuma ya fi kusa da buɗewa shi ne farko. Saura minti 10, ki daina buɗe sabon abu: ki duba lambobin tambayoyi, ma'auni a jikin kowace amsa, alamomin ragi, da ko ƙarin takardun da kika karɓa suna cikin babbar takarda a jere. Kada ki soke amsa sai kin rubuta wadda za ta maye gurbinta, kuma in za ki soke, layi ɗaya da rula ya isa. Amsa biyu masu saɓani a tambaya ɗaya ba a zaɓar miki mai kyau. Kada ki sa suna ko wata alama a wajen gurbin da aka tanada. In kuwa duk da haka lokaci ya kama ki da aikin da ba ki taɓa ba, minti 5 ɗin da suka rage ki zuba su wajen rubuta doka da matakin farko na kowace tambaya a ciki, maimakon gama guda ɗaya tsaf.

Duk wannan ba a koyonsa ranar jarrabawa. Ki nemi takardun Furobatuwar na shekarun baya, na tsarin da ake kai yanzu, ki zauna da ɗaya kowane mako a lissafi, ɗaya a fizik, da safe, agogo a gaba, littafi a rufe, ba tashi, awa 3 cif. In kuna da ƙungiyar karatu ku zauna tare, ɗaya ya riƙe lokaci, amma ba magana sai an gama. A gefen kowane aiki ki rubuta lokacin da kika fara da wanda kika gama. Wajen gyara, kowane makin da ya kuɓuce ki sa shi a ɗaya daga gida uku: ban sani ba, na sani na yi ganganci, na sani lokaci bai kai ba. Gida na farko komawa littafi yake so. Na biyu yana so ki gano irin kuskuren da kike maimaitawa, ki sa shi a jerin abin dubawa na mintunan ƙarshe. Na uku shi ne naki a yanzu, kuma lokutan da kika rubuta a gefe za su nuna miki daidai tambayar da ta cinye shi. In bayan zama uku ko huɗu gida na uku bai ragu ba, ki rage wa kanki minti 15 daga lokacin gwajin, ki kuma sa wata ƙawarki ta riƙa buga tebur duk lokacin da wa'adin aiki ya cika, ki tashi daga kansa ko kina tsakiyar layi.